Jar Roba a Keken Yaya

Akwai wani malamin makaranta da ɗalibansa suka laƙaba wa suna Ƙamus. Mutum ne mai karatu, ga ƙwaƙwalwa, ga iya bayani. In ya tsaya gaban allo yana koyar da lissafi, har yaran da ke can ƙarshen aji sukan bar wasa su saurara. Ba ya makara, ba ya cin haƙƙin kowa. Aibinsa guda ɗaya ne, amma babba: bakinsa bai iya furta "ban sani ba". Duk abin da aka tambaye shi yana da amsa. In ya sani ya faɗa, in bai sani ba ya ƙirƙira, ya kuma faɗe shi da irin muryar da yake faɗin wanda ya sani. Idan daga baya ta bayyana kuskure ya yi, sai ya ɗaure fuska ya canza zance. Wata rana a ɗakin malamai aka tambaye shi sunan wani tsuntsu da ya hau katanga, ya ba da suna har da ƙasar da yake tasowa daga cikinta. Ashe 'yar zabuwar mai gadi ce. Kowa ya yi dariya ban da shi.

Ƙamus yana da wa guda ɗaya, tela, wanda ya girme shi da shekara goma sha biyar. Tun da mahaifinsu ya rasu shi ne ya zama uba. Shi ya ciyar da Ƙamus, shi ya ɗinka masa kayan makaranta, shi ya tsaya masa har ya zama malami. Gida ɗaya suke zaune, Yaya da matarsa a ɗakunan gaba, Ƙamus da iyalinsa a na baya. Yaya bai yi karatu mai nisa ba, don haka duk abin da ƙanensa ya faɗa, a wurinsa ya zauna.

Yaya yakan ce dukiyarsa a duniya kekuna biyu ne. "Ɗaya yana gudu amma ba ya zuwa ko'ina, ɗaya yana zuwa ko'ina amma ba ya gudu." Na farkon keken ɗinki ne. Na biyun tsohon baƙin keken hawa ne mai nauyi, mai birkin ƙarfe, da faffaɗar kariya a baya inda yake ɗaure ɗinkin mutane ya kai musu. Shagonsa yana kan tudu. Daga ƙofar shagon titi ya gangara sosai, ya yi kwana a ƙasa kusa da wani kwalbati mai katangar siminti, sannan ya miƙe zuwa unguwar da makarantu suke. Shekara talatin Yaya yana bin wannan gangaren bai taɓa faɗuwa ba.

Wata Asabar da safe Ƙamus ya leƙa shagon ya gaishe shi. Ya tarar da shi cikin tulin aiki, fararen riguna a kan tebur, shuɗɗan wanduna a kan benci, alli a bayan kunne, tef a wuya. Wata makaranta ce ta ba shi ɗinkin kayan sababbin ɗalibai, ranar Laraba za a karɓa.

"Yauwa Auta, gara da ka zo," in ji Yaya, ƙafarsa ba ta bar taka keke ba. "Birkin keken nan ya cinye. Jiya da na matsa, ƙarfe na ji yana cin ƙarfe, har haƙorana suka yi tsami. Ni kuwa ka ga ba ni da sararin ko sosa kai. Taimaka ka tura shi wurin Uwar Kekuna ta duba ta ba ka robar da ta dace, mai gyaran da ke gefenta ya ɗaura."

"An gama, Yaya."

"Ka tafi da keken fa, ta gan shi da idonta."

Ƙamus ya yi murmushi. "Haba Yaya, robar birki ce fa, ba injin jirgin sama ba."

Ya tura keken ya fito. Da ya zo daidai gida, ya dubi gogaggun kayan jikinsa, ya dubi tsohon keken da fentinsa ya kokkoɗe, ya tuna hanyar cike take da ɗalibansa. Sai ya jingine shi a tsakar gida ya tafi a ƙasa. Ko sunkuyawa bai yi ya dubi birkin ba.

Uwar Kekuna dattijuwa ce mai sayar da kayan keke. Ita da mijinta suka yi shekaru a shagon, da ya rasu ta ci gaba ita kaɗai. Tayoyi a rataye a rufi, kaca da feda a cikin kwalaye, ƙananan kusoshi a cikin gwangwanaye, kowanne ta san inda yake ko da ido a rufe. A bakin shagon akwai benci inda masu jiran gyara ke zama. Ranar mutum uku ne a kai, ɗaya daga cikinsu uban wani ɗalibin Ƙamus ne.

"A'a, Malam da kansa!" in ji mutumin. "Hajiya, yau kin yi babban baƙo. Wannan ai sai dai ya koya miki sana'arki."

Ƙamus ya ji daɗin maganar har cikin ransa. Ya gaisa da su, ya ce robar birki yake so.

"Ina keken?" in ji ta.

"Yana gida."

"To tsohuwar robar fa, ka zo da ita?"

"Ba sai na zo da ita ba."

Ta jawo kwali ta zube iri uku a kan kanta. Ɗaya gajera ce baƙa mai zanen fata a tsakiya. Ɗaya baƙa ce zalla. Ta ukun doguwa ce ja, cikin leda mai ƙyalli da rubutun waje.

"Malam, kowane keke da irin tasa," in ji ta. "Wilinsa, wato ƙarfen da taya ke zama a kai, mai nauyin nan ne mai sheƙi, ko kuwa fari mara nauyi na kekunan yanzu? Birkin na sandar ƙarfe ne ko na waya?"

Ƙamus bai sani ba. Kullum yana ganin keken, amma bai taɓa lura ba. Mutanen benci suna kallonsa. Kalma uku kawai ake bukata, "ban sani ba", amma ya ƙi furta su. Sai ya ɗauki jar ya juya bayan ledar, ya karanta rubutun da ƙarfi cikin harshen waje, ya fassara musu.

"Kun ji ko? An rubuta tana kamawa da ƙarfi, tana daɗewa. Wannan za ki ba ni."

"Gaskiya ne tana da kyau," in ji ta, "amma ta kekunan zamani ce. Tsaya ma, ba keken yayanka tela ba ne? Na san keken nan, mijina ne ya sayar masa. Wannan gajerar mai fata ita ce tasa. Wilin ƙarfe in ya jiƙe santsi yake yi, fatar nan ce ke riƙe shi. Jar nan tauri gare ta, in ruwa ya taɓa ta sai ta yi ta zamewa. Kuma ba za ta ma shiga gidanta ba."

Da ta faɗi haka a gaban mutane, sai Ƙamus ya ji kamar an tsayar da shi gaban aji ana gyara masa lissafi. Fuskarsa ta ɗaure.

"Baiwar Allah, ba keken Yaya ba ne, wani ne daban. Kuma abin da kike magana a kai, gogayya tsakanin roba da ƙarfe, ni nake koyar da shi. Ba ni jar."

Mutanen benci suka yi dariya. Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta naɗe masa.

"To Malam. In ba ta zauna ba ka dawo da ita, zan canza maka. Don Allah kar a tilasta mata."

Da ya koma gida bayan azahar, bai kai keken wurin mai gyara ba, don mai gyaran a gefen shagonta yake, za ta ga keken ta gane ƙarya ya yi. Ya ari sifana, ya kifa keken a tsakar gida. Ya kwance tsohuwar robar, sai ga ta gajera baƙa, da ragowar fata a tsakiya, daidai yadda matar ta faɗa. Kowace roba tana zama ne cikin wani ɗan gida na ƙarfe mai kama da kwalbati. Ya gwada jar, ta yi tsawo, ta yi kauri. Ya juya ta, ya danna, ta ƙi.

Matarsa ta fito shanya ta tsaya tana kallo.

"Baban yara, anya haka ake yi? Ka mayar musu mana su canza."

"Ki ji da shanyarki."

Ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙa. Ya rage tsawon robar, ya fere gefenta kamar mai feƙe fensir. Robobin huɗu ne, biyun baya suka shiga da ƙyar. Biyun gaba kuwa wuƙar ta zarce, suka yi siriri, suna motsi a cikin gidansu. Ya yagi kwalin da aka naɗo su ya ninke ya cusa a gefe, ya ɗaure kusoshi. Ya hau keken ya zaga tsakar gida sau biyu, ya matsa birki, keke ya tsaya. Ƙasa a bushe take, keke ba kaya, ba gangare. Amma da ya sa babban yatsa ya tura robar gaba, sai ya ji ta ɗan gusa. Ya ji ta sarai. Ya cire hannunsa da sauri, ya share wuƙar, ya kwashe ɓarɓashin robar ya zubar.

Da yamma Yaya ya dawo ya ga keken, ya yi dariya.

"Kai, Auta! Tsohon nawa har da jan baki? Ita ta ce wannan ce ta dace?"

"Ita ce, Yaya. Sabon samfuri ne."

"Mai gyara ya ɗaura?"

"An ɗaura, komai daidai."

"Allah ya yi maka albarka. Ka ga amfanin mai ilimi a gida."

Wannan addu'ar ta yi wa Ƙamus nauyi, amma ya amsa da amin.

Ranar Litinin yana dawowa daga makaranta, Uwar Kekuna ta hango shi daga cikin shago ta ɗaga murya.

"Malam! Robar nan ta zauna kuwa?"

"Daram," in ji shi, bai ko tsaya ba.

A ransa ya yanke cewa in Asabar ta zagayo zai je wani shago can nesa inda ba a san shi ba, ya sayo mai fatar, ya canza a ɓoye ba wanda ya ji. Kwana biyar ne kawai. Me zai faru a kwana biyar?

Ranar Laraba aka wayi gari da ruwan sama. Ya tsagaita wajen ƙarfe goma, titi ya jiƙe sharkaf. Yaya ya gama guga, ya ninke kayan ɗaliban ƙunshi biyu manya, ya lulluɓe da leda, ya ɗaure a kariya. Ya rufe shago, ya hau.

Mai sayar da 'ya'yan itace da ke kusa da kwanar shi ya ga komai, shi ya ba da labari daga baya. Ya ce ya hango tela yana gangarowa kamar kullum. Wajen tsakiyar gangaren sai ya ga keken yana ƙara gudu maimakon ya rage. Ya ga dattijon yana matsa birki da hannu biyu. Ya ga wani ɗan abu ja ya yi tsalle daga tayar gaba ya faɗa kwata. Ya ji shi yana ihu yana cewa a kauce, a kauce, don akwai wata mata da ke tsallaka titi da tulun ruwa. Ya sauke ƙafafu yana jan su a kan kwalta har takalminsa ɗaya ya fita. Ya kauce wa matar, amma kwanar ta ƙi masa. Keken ya daki katangar kwalbati, shi kuma ya wuntsila ya faɗa ƙasan, kaya suka bi shi.

Ƙamus yana tsakiyar darasi aka ƙwanƙwasa ƙofar aji. Da ya ga fuskar maƙwabcinsu, allin hannunsa ya faɗi tun kafin a ce masa komai.

A asibiti aka ce ƙugun Yaya ya karye, wuyan hannunsa na dama kuma ya ragargaje, don da shi ya tare katangar. Aka yi aiki sau biyu. Likita ya kira Ƙamus gefe ya ce ransa ba ya cikin haɗari, zai taka da sanda, amma yatsun hannun nan da wuya su sake riƙe wani abu ƙarami.

Abin da Yaya ya fara tambaya da ya farfaɗo shi ne kayan yara.

"Sun faɗa taɓo ko? Kash. Ranar farkonsu a makaranta."

Matarsa ta ce ya kwantar da hankali, ita da maƙwabta sun wanke sun goge an kai. Sai ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kowa na tambayar yadda aka yi. Yaya ya ce birki ne ya ƙi. Wani ya ce ai sabo ne, shi ma ya ga jar robar. A ina aka saya? Duk ido ya koma kan Ƙamus. Yaya ma ya juyo da kai a kan matashi yana dubansa.

"Wurin Uwar Kekuna," in ji Ƙamus. "Abin da ta ba ni ke nan."

"Subhanallahi," in ji wani. "Ashe jabu take sayarwa."

Ƙamus bai ce e ba, bai ce a'a ba. Washegari ya je wurin mai 'ya'yan itace ya karɓo keken da ya lanƙwashe, ya kai gida, ya kwance sauran robobin da ke ɗauke da sawun wuƙarsa, ya jefa su a shara. Matarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana kallonsa. Shi kuwa bai ɗaga kai ba.

Magana ta bazu. Aka ce dattijuwar tsufa ya kama ta ba ta gane kaya. Aka ce a'a, sane take, son riba ne. Kwana huɗu da faɗuwar ta zo asibiti dubiya, da 'yar ledar lemo a hannu. Matar Yaya ta tare ta a ƙofar ɗaki.

"Me kika zo gani? Aikin da kika yi? Koma da lemonki, mun gode."

Ƙamus yana zaune a bencin baranda, taku uku tsakaninsu. Dattijuwar ta juyo ta dube shi.

"Malam, kai ka san yadda muka yi da kai. Ka faɗa musu."

Ya zuba wa ƙasa ido. Ta jira. Da ta ga ba zai yi magana ba, ta ajiye ledar a gefensa a hankali ta tafi. Waɗanda suke kan bencin shagonta ranar sun ji ya ce ba keken yayansa ba ne, amma wa zai ƙaryata Malam? Sai suka ce wataƙila su ne ba su ji daidai ba.

Bayan wata biyu aka sallami Yaya. Ya rame, furfura ta cika masa kai. Da ya fara takawa da sanda ya matsa sai an kai shi shago. Ƙamus ya raka shi. Ya zauna a gaban keken ɗinki, ya shafa shi, ya ɗauki zare da hannun dama. Zaren ya zame. Ya sake ɗauka, ya sake zamewa. Ya gwada da hagu, ya kasa samun kafar allura. Ya ɗora ƙafa a kan mataki, zafin ƙugu ya sa ya cije leɓe. Ya daɗe a zaune yana kallon allurar.

"Mu je gida, Auta," in ji shi.

Masu kawo ɗinki suka yi ta haƙuri, daga baya suka koma wani wuri. Ƙamus ya ɗauki nauyin gidan gaba ɗaya, abinci, magani, komai. Mutane suka yi ta yabonsa, ana cewa ga ƙanen kirki. Kowane yabo kamar a soka masa tsinke ne. Abinci ya daina yi masa daɗi. A aji yakan tsaya tsakiyar lissafi ya manta inda yake. Ya daina bin titin shagon Uwar Kekuna, yakan yi doguwar hanya ya zaga. Amma labari yana iso shi: bencinta ya zama wayam, masu keke sun koma sayen kaya wani wuri, mai gyaran ma yanzu daga waje yake sayo kayan aikinsa.

Wata biyar bayan faɗuwar aka saki shagon ɗinki. Mutum biyu suka ɗauko keken ɗinkin suka ajiye a kusurwar ɗakin Yaya, matarsa ta rufe shi da tsohon zane. Da la'asar Yaya yana zaune a baranda, sanda a gefe, hannun dama a kan cinya kamar ba nasa ba. Ƙamus ya zo ya zauna a ƙasa kusa da shi. Yaya ya daɗe yana kallonsa.

"Auta, ka rame fiye da ni. Na san abin da ke cinka. Kana ganin da hannunka ka sayo. Cire wannan daga ranka. Laifina ne da na aike ka wurin da ba ka saba ba. Kai mutumin littafi ne, ina ka san halin 'yan kasuwa? Ta ga ba ka sani ba ta cuce ka. Na bar ta da Allah. Kai kuwa ko ƙwayar zarra ban riƙe ka ba."

Ya miƙo hannun hagu ya dafa kansa, yadda yake yi masa tun yana ƙarami. Nan Ƙamus ya kasa. Kuka ya ƙwace masa, irin kukan babban mutum mara daɗin ji. Ya faɗi komai. Bai tafi da keken ba. Ta nuna masa mai fatar ya ƙi. Ya ce mata ba keken Yaya ba ne. Shi ya fere robar da wuƙa, shi ya cusa kwali, ya kuma ji tana motsi tun ranar. Ta sake tambayarsa ya ce ta zauna daram. Ya zubar da sauran don kada a gani.

Hannun Yaya ya sauka daga kansa a hankali. Matar Yaya, wadda ke jin komai daga ƙofar ɗaki, ta zauna a ƙasa ta riƙe baki.

Da Yaya ya yi magana, muryarsa ba ta da faɗa ko kaɗan, wannan ne ma ya fi ciwo.

"Na tambaye ka, Auta. A nan tsakar gidan na tambaye ka."

"Ka tambaye ni, Yaya."

"Hannu ya riga ya tafi, wannan na karɓa. Ƙaddara ba ta wuce ranarta. Amma wata biyar ka bar ni ina kai ƙarar baiwar Allah wurin Ubangiji, alhali ita ce ta so ta tsare ni. Ka bar matata ta kore ta kamar ɓarauniya. Ka zauna kana ji." Ya numfasa. "Nawa na yafe, ni na rene ka, ba zan iya riƙe ka ba. Nata kuwa ba ni da ikon yafewa. Tashi ka je yanzu."

Ƙamus ya tashi ya tafi, bai ko wanke fuska ba. Da ya isa ya tarar da ƙofar shagon a buɗe, amma babu tayoyi a rufi, babu kwalaye. Wani mutum ne a kan tsani yana shafa sabon fenti. Mai gyara yana gefe yana lanƙwasa sifok, wayoyin nan na wilin keke.

"Ina Hajiya?"

"Ta tashi, sati uku ke nan," in ji mai gyara, bai ɗago ba. "Ciniki ya mutu. Ta tattara sauran kayan ta bayar, 'yarta ta zo ta tafi da ita wani gari. Ranar da za ta tafi ta tsaya nan inda kake ta daɗe tana kallon shagon. Shekara arba'in fa."

Akwai mutane kaɗan a wurin. Ƙamus ya tsaya gabansu ya faɗi gaskiyar abin da ya faru tun daga farko, da murya mai ƙarfi, bai rage komai ba. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya zage shi. Mai gyara ya ajiye abin hannunsa ya dube shi.

"Mu kam mun ji, Malam. Ita fa wa zai gaya mata?"

Ya nemi lambar 'yar, aka ba shi wata, ya kira ba ta shiga. Ya tambayi masu motar da suka kwashe kayan, kowa da garin da yake faɗa. Ya rubuta wasiƙa mai shafi uku, ya rasa inda zai aika ta. Har yau tana cikin aljihun tebur.

Yaya ya cika alkawari. Bai sake tayar da maganar ba, bai canza masa fuska ba. Suna gaisawa, suna cin abinci tare. Amma bayan 'yan makonni matar Yaya ta dawo daga asibiti da sabon magani, kwalba biyu da takarda mai ƙananan rubutu. Ƙamus yana zaune a nan, ya miƙa hannu zai karɓa ya duba yadda ake sha.

"Bar shi, Auta, kar ka wahala," in ji Yaya cikin taushin murya. Ya juya wurin matarsa. "Ki kai wa mai kemis ya duba mana."

Ta ɗauki mayafi ta fita da maganin. Hannun Ƙamus ya daɗe a miƙe kafin ya mayar da shi kan gwiwarsa. Su biyu suka ci gaba da zama a barandar.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Rashin sani ba abin kunya ba ne, kowa yana da inda iliminsa ya tsaya, kuma mai sana'a ya fi ka sanin sana'arsa ko da ka fi shi karatu. Idan aka ba ka amanar zaɓen abin da lafiyar wani ta rataya a kai, ko da ɗan guntun roba ne, ka tambaya, ka saurara, ka ɗauki wanda ya dace ba wanda ya yi maka kyau a ido ba. In kuma ka yi kuskure, ka faɗa tun yana ƙarami, tun ana iya gyara shi da sifana. Kuskuren da aka ɓoye ba ya tsayawa kan mai shi, yakan faɗa kan waɗanda suka yarda da kai da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Ana iya yafe maka, amma yafiya ba ta mayar da hannun da ya mutu, ba ta buɗe shagon da aka rufe, ba ta kuma dawo da yardar da ka zubar da kanka.